Tambaya da Amsa: Yadda Jirgin Sama Ke Kai wa Matafiyan Ƙanƙara Guzuri

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni direban babbar mota ne, ina bin hanyar Zinder zuwa Agadez. Na ga wani shiri a talabijin inda aka nuna mutane suna ratsa nahiyar Antartika wata da watanni, babu gari babu kasuwa, aka ce jirgin sama ne ke kai musu abinci da mai. Yaya ake yin hakan, kuma me ya hana jirgin ya riƙa zuwa musu kullum? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Zinder.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tun da ka san hanyar arewa, tabbas ka ji labarin ayarin gishirin Bilma, yadda madugu kan sa a ajiye damman ciyawa a cikin hamadar Tenere lokacin tafiya, domin raƙuma su sami abin ci a komowa. Dabarar matafiyan ƙanƙara ke nan: ana ajiye abinci da gangunan mai a wurare sanannu tun kafin masu tafiya su iso, a kafa tutoci a jere don kada dusar ƙanƙara ta binne wurin a rasa shi. Kafin zuwan jirgi, mutane da karnuka da dawakai ne ke jan wannan kaya, kuma kuskure kaɗan yakan ci rai. A shekarar 1912 Kyaftin Robert Scott na Ingila da abokansa biyu sun mutu a cikin tanti a Antartika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙuryar kudu ta duniya, alhali tsakaninsu da ma'ajiyarsu bai wuce kilomita 18 ba.

Abin da jirgi ya kawo shi ne sauƙin kafa irin waɗannan ma'ajiyoyi. Ayarin Vivian Fuchs, wanda ya fara ƙetare Antartika ta ƙasa, ya tashi ranar 24 ga Nuwamba 1957 ya isa ɗaya gaɓar ranar 2 ga Maris 1958, tafiyar kwana 99 da ta haura kilomita 3,400. Daga wancan ɓangaren Edmund Hillary, ɗan ƙasar Niyu Zilan, shi ne ya share masa hanya da taraktocin gona, ƙananan jiragen sojan Niyu Zilan kuma suna jigilar mai da abinci zuwa wuraren da ya zaɓa. Jiragen da ke wannan aiki, irin su Twin Otter da ake amfani da shi har yau, ana ɗaura musu dogayen alluna masu sulɓi a ƙarƙashin tayoyi domin su sauka a kan dusar ƙanƙara ba tare da sun nutse ba.

A ƙuryar arewa ta duniya lamarin ya sha bamban, domin can teku ne daskararre, ƙanƙarar kuma tafiya take yi, saboda haka abin da ka ajiye yau ba a nan za ka same shi bayan wata guda ba. Lokacin da Wally Herbert da mutum uku suka tashi daga Alaska a Fabrairun 1968 da karnuka 40, suka kai tsakiyar ƙuryar ranar 6 ga Afrilu 1969, sai sun faɗi inda suke ta rediyo sannan jiragen sojan Kanada su zo su sako musu kaya da laima.

Dangane da zuwa kullum kuwa, babban cikas shi ne jirgin ma cin mai yake yi, kuma babu gidan mai a hanya. Iya nisan tafiya iya yawan man da zai sha, har ya kai ga sai an fara ajiye wa jirgin kansa ganguna a tsakiyar hanya kafin ya iya kai wa wani buhu ɗaya. Wannan lissafi, a ganina, direba zai fi kowa saurin gane shi. Sannan ga yanayi. Ka tuna hazon hunturu a Damagaram, ranar da ba ka hango abin da ke gabanka sai ka zo daf da shi. Can kuwa sama da ƙasa kan zama fari fat, matuƙi ya kasa bambance tudu da kwari, ga kunyoyin ƙanƙara masu tauri da iska ke sassaƙawa, waɗanda ke iya karya ƙafar jirgi. Mutane kan yi kwanaki a tanti suna tsimin abinci suna jiran gari ya washe. A tashar Amurka da ke tsakiyar ƙuryar kudu, zirga-zirgar jirage kan tsaya daga tsakiyar Fabrairu har ƙarshen Oktoba saboda duhu da tsananin sanyi.

Tsadar nan ce ta sa a yau aka koma ga ayari wajen kaya masu nauyi. Amurkawa kan ja mai da taraktoci daga tashar McMurdo zuwa ƙuryar kudu, kimanin kilomita 1,600, Faransawa kuma kan yi kusan kilomita 1,100 daga gaɓar teku zuwa tashar Concordia da suke gudanarwa tare da Italiya. Jirgi ya fi yawa a ɗaukar mutane, da kayan gaggawa, da kwaso marar lafiya.