Amsa ga ƙanenmu na Setif kan hoton ƙanƙara bisa haki

Salamu alaikum jama'ar gurup, ina kwananku, ina ɗari. To ƙanena na Setif can Aljeriya, na saurari muryarka kuma na ga hotunan da ka turo, ka ce da sahe haki da ganye duk sun yi hwari tas da ƙanƙara amma in ka ɗauka sai hoton shi hito toka-toka, kana tambaya wace kamera ta hi kyau. Ni na gane inda ka dosa, so kake a ce maka sayi sabuwa. Kada ka taɓa kuɗin bursinka. Salular da ke hannunka ta isa wallahi.

Hoton nan na biyu, dubi ƙasan ganyen, ruwa na ɗiga, rana ta riga ka. Abin nan ba ya jiran kowa, in rana ta taɓa shi mintoci kaɗan ya narke. Tun da dare za ka san ko za a samu, in ka leƙa bayan lisha ka ga sama garau, taurari tar, babu hadari babu iska, to ka shirya, kana gama asuba ka hita. Ƙasa da ganye suna sakin zahinsu zuwa sama duk dare har su sauka digiri sihiri ko ƙasa da haka, sai raɓa ta daskare bisa su. A'a, bari in gyara, ba raɓa ce ke daskarewa ba ma galibi, laimar da ke cikin iska ce ke zama ƙanƙara kai tsaye bisa ganyen, shi ya sa kake ganin ta tsinke-tsinke kamar ƙananan allurai a bakin ganye. Kuma ka nemi kwari, wuri mai gangare, iska mai sanyi ta hi nauyi can take taruwa. Garinku ma wajen mita 1,100 yake bisa teku, kai kana cikin ni'imar abin nan. Mu nan garin Tawa sai dai hazo da ƙura, iskar hunturu a bushe take kuma sanyinmu na Janairu wajen digiri 15 yake tsayawa da asuba, ina za mu gan ta.

Batun toka-toka kuwa, kamera in hwari ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage da kanta. Ka danna yatsa bisa ganyen a gilashin salula, wata 'yar alamar rana za ta hito, ka ja ta sama kaɗan, kaɗan hwa, in ka wuce sai tsinken ƙanƙarar ya ɓace ya zama hwari kawai. Mai babbar kamera shi sa ma'aunin ƙarin haske bisa +0.7 ko +1. Amma in bayan ganyen duhu ne, to sai ka rage maimakon ƙari. Kada ka ba rana baya, ka sa ta gabanka ko gehe, ka durƙusa har gwiwa ta taɓa ƙasa, hasken ya ratso ta cikin ƙanƙarar, nan ne take ƙyalli. Ban da filash. Kuma kada ka yi numfashi bisa ganyen, hucin bakinka kaɗai ya narkar da shi.

Sai abu guda da nake so ka riƙe, ka ɗauki na kusa, ka kuma ja baya ka ɗauki na nesa wanda ke nuna wurin. Dalilina, ni na ga abin nan da idona cikin ƙasarmu Nijar, bisa dutsin Bagzan, lokacin da na bi masu sayen dankalin turawa da tafarnuwa can jihar Agadas. Munka tashi da sahe garka duk ta yi hwari, yatsuna ba su lanƙwasuwa, na ɗauki ganyen dankali kusa-kusa, hoto mai kyau ƙwarai. Na sa shi a Facebook, sai wani, ba zan kama suna ba, ya rubuta wai kanwa na barbaɗa, wani kuma wai daga intanet na kwaso na Turai ne, wai Nijar ba ta ƙanƙara. Mutumen da bai taɓa wuce Abalak ba! Dutsin Bagzan ƙololuwarshi mita 2,022 ce, ita ce mafi tsawo a Nijar duka, kuma duk mita 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6 da rabi, ka yi lissahi da kanka. Da dusar ƙanƙara ta sauka bisa rairayin Ain Sefra ta Aljeriya a Disamba 2016 ai duniya duka ta yarda, su ma sunka yi ta turawa, amma namu na gida shi ne ƙarya. Abin da ya hi ƙona mini rai, mai garkar nan da rana ta ɗaga ganyen dankalinshi ya yi baƙi ya kwanta, asara ce ta gaske ga mutum mai iyali, wani kuma na zaune cikin inuwa yana cewa kanwa. Da duwatsun da rijiyar garkar sun hito cikin hoton da bakinsu ya mutu. Har yau in na tuna... to bari dai, a bar wannan.

Mi na manta, batiri. Sanyi na shanye shi da sauri, ka sa salular cikin aljihun ciki kusa da jiki, sai za ka ɗauka ka hiddo ta. In ka komo ɗaki mai ɗumi gilashin kamera zai yi gumi, ka ƙulle ta cikin leda tun daga waje, ka bar ta ta ɗumama kahin ka buɗe. Kuma kada ka tattake hakin da sawunka kahin ka ɗauka, ka tsaya daga baki ka zaɓi wuri tukuna. In hoton ya hito shuɗi-shuɗi cikin inuwa kada ka damu, haka hasken sahe yake, ni ma barin shi nake.

Ka duba sama yau da dare, in ta yi garau gobe ka turo muna guda biyu, na kusa da na nesa, kuma ka turo su a matsayin takarda, wato document, don WhatsApp na matse hoto. A gaida sauran 'yan Nijar da ke nan wajenku.