Amsa: ziyarar masana'antar wiski a Japan

Malam, ka tambaya ko wanda ba ya sha zai ƙaru da zuwa. Zai ƙaru, in dai zai jure wari. Ka je masana'antar Yamazaki, tsakanin Kyoto da Osaka, wadda Shinjiro Torii ya kafa a 1923. Amma ka yi rajista ta intanet tun da wuri.

Ga yadda ake yin wiski: sha'ir ake jiƙawa ya tsira, kamar dawar burkutu, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a zuba yis. Sai a tafasa ruwan a tara tururinsa, sau biyu, a manyan tukwanen tagulla. Ruwan da ke fitowa fari ne tas. Gangunan katako ne ke rina shi, shekara 3 ko fiye, a ma'aji mai duhu. Ɗanɗana wiski a ƙarshen ziyarar kuwa ba dole ba ne.