Makullin Mota Ya Ɓata Ko Ya Karye: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin da suka iso mini a 'yan makonnin nan sun karkata ga makullin mota, har wani ya buɗe saƙonsa da neman afuwa, wai ya san filin nan na waya da kwamfuta ne. Babu abin neman afuwa, domin makullin motar zamani ƙaramar kwamfuta ce da aka ɓoye cikin roba, kuma mai gyaransa a yau ya fi buƙatar sanin lantarki fiye da sanin ƙira. Na zaɓi tambayoyi huɗu daga cikin Abuja da kewaye.

Tambaya daga Kubwa: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi Toyota Camry ƙirar 2012, 'yar Kwatano da ta fito daga Amurka, kuma makulli ɗaya tak aka ba ni. Na kai shi kasuwa aka yanka mini wani. Sabon yana buɗe ƙofa, yana murza inji, amma motar ba ta tashi. Yankan ne bai yi daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Yankan ya yi daidai, Malam, tunda ƙofa ta buɗe inji kuma ya juya. Abin da ya rage ba aikin mai yanka ba ne. Makullin da ke hannunka abubuwa uku ne a haɗe: ƙarfen da ake yankawa, da rimot mai buɗe ƙofa daga nesa, da wata ƙwaya da ba ta fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, wadda aka binne a cikin robar kan makullin. Ita ce ta sa kanikawa ke cewa makulli mai sensa. A bakin ramin da kake zura makulli akwai zoben waya siririya, wanda da zarar ka murza sai ya aika da igiyar rediyo mai gajeren zango, tsakanin kilohaz 125 da 134 gwargwadon irin ƙwayar. Ƙwayar ba ta da batir, daga wannan igiyar take ɗibar wutar da za ta amsa da lambarta, sai ƙwaƙwalwar mota ta duba ko lambar tana cikin waɗanda ta sani. Idan ba ta ciki, sai ta hana fetur da tartsatsin fulogi, inji ya yi ta juyawa har batir ya gaji ba tare da ya kama ba. Ka lura da ƙaramar jar fitilar tsaro da ke gaban direba, za ka ga ta ci gaba da ƙiftawa da sabon makullin, alhali tsohon yana kashe ta.

Jamus da Birtaniya sun wajabta wannan tsari a kan sababbin motoci tun 1998, Kanada ta bi sahu a 2007, amma Amurka ba ta taɓa mayar da shi doka ba, kamfanoni ne suka riƙa sanya shi bisa ra'ayin kansu. Shi ya sa maƙwabcinka zai iya rantse maka cewa tasa motar, ita ma 'yar Amurka, tana tashi da makullin kasuwa, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Ka duba jikin ƙarfen makullinka na asali, kusa da robar. A motocin Toyota na waɗannan shekarun ana buga harafin G a wurin, waɗanda suka biyo baya kuma harafin H, wasu da suka gabace su kuwa ɗigo ne kawai. Ire-iren nan ba sa maye gurbin juna, don haka dole a samo makulli mai ƙwaya irin taka, a yanka shi, sannan a yi masa rajista a ƙwaƙwalwar motar. Ana yin rajistar ta wani soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari, wanda ake kira OBD, kuma duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da shi. Masu wayarin mota da ke da kwamfutar wannan aiki, irin ta kamfanonin Autel ko Xhorse, ba su da wuyar samu a garejojin Apo, kuma muddin makullin asali yana hannu aikin na 'yan mintoci ne.

Abu biyu za ka kiyaye. Toyota kan ba da babban makulli mai baƙar roba da kuma ƙarami mai ruwan toka, wanda aka yi domin a miƙa wa mai wanki ko mai ajiye mota. Idan ka zura babban, fitilar tsaro tana mutuwa nan take, ƙaramin kuwa sai ta ɗan jima kamar daƙiƙa biyu. Da babban ake ƙara wani cikin sauƙi, kuma dillalai da yawa ƙaramin suke bai wa mai saye ba tare da su ma sun sani ba. Na biyu shi ne rimot: galibin motocin Amurka suna magana a kan megahaz 315, na Turai kuma a kan 433, saboda haka rimot ɗin da aka ciro daga motar Turai ba zai taɓa buɗe taka ba ko da kamanninsu ɗaya ne. Shawarata ita ce kada makon nan ya fita ba ka yi wannan aiki ba, kuma dalilin yana cikin tambaya ta gaba.

Tambaya daga Gwarinpa: Malam, makullin motata Lexus mai tashi da danna maɓalli ya ɓata a wajen biki, kuma shi kaɗai gare ni. Motar tana can inda na ajiye ta. Wani bakanike ya ce sai an sauya ƙwaƙwalwar motar da makullan ƙofa gaba ɗaya. Haka ne?

Amsa: Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. A mafi yawan motocin Toyota da Lexus ba sai an kai ga haka ba, kuma ina roƙonki kada ki bari a cire komai kafin wanda ya ƙware a makulli ya ga motar. Sauya ƙwaƙwalwa hanya ce ta wanda ba shi da na'ura, kuma sau da yawa tana haifar da wata rigimar, domin a motar maɓalli akwatuna da dama ne suka san juna, na inji da na tsaro da na kulle sitiyari, kuma idan aka kawo baƙo a cikinsu sauran za su ƙi shi.

Ga yadda ƙwararre ke bi. Zai buɗe ƙofa ba tare da fasa gilashi ba, ya karanta tsarin haƙoran makullin ƙofar domin ya yanka ɗan siririn ƙarfen gaggawa da ke cikin rimot, sannan ya haɗa kwamfuta ya umarci motar ta manta da dukkan makullan da ta sani. A Toyota da Lexus wannan matakin yakan ɗauki kimanin minti 16 ana zaune ana jira, kuma da gangan kamfanin ya sanya jinkirin domin ya gajiyar da ɓarawo. Daga nan sai a koya mata sabon makulli. A wasu tsofaffin ƙira soket ba ya wadatarwa, sai an ciro akwatin tsaro an sake rubuta wata ƙaramar ma'adanar bayanai da ke cikinsa, a mayar da shi mazauninsa. Duk wannan ana iya yinsa a inda motar take, ba sai an kira janwe ba, amma kuɗinsa ya fi na ƙara makulli na biyu nesa ba kusa ba.

Ki tabbata an goge ɓataccen makullin daga ƙwaƙwalwar, ki kuma nemi ya nuna miki adadin makullan da motar ta sani a fuskar kwamfutarsa kafin ku rabu. Wanda ya tsinci makulli a wajen biki bai buƙatar sanin wace mota ce, zagaya filin ajiye motoci kawai zai yi yana danna rimot har wata ta amsa, don haka ki sa wani ya tsare motar har a gama. Bayan gogewar ba zai iya tayar da ita ba, sai dai ɗan ƙarfen gaggawar da ke hannunsa zai ci gaba da buɗe ƙofar direba har sai an sauya haƙoran wannan makullin ƙofar guda ɗaya.

Game da sayen rimot, ki sani cewa irin na maɓalli yakan kulle kansa ga motar farko da aka yi masa rajista. Wanda aka ciro daga wata motar a kasuwar kayan gyara ta Zuba sai an wanke shi da na'ura kafin ya karɓi sabuwar uwargijiya, kuma dole lambar da ke bayansa ta dace da ƙirar motarki. Ki tafi da takardun mota da katin shaida, domin mai aikin kirki zai gwada su da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 kafin ya taɓa komai. Wanda bai tambaye ki takarda ba, gobe ma ba zai tambayi wanda ya zo da sunan mai motarki ba.

Ga sauran masu karatu, ba kowace mota ce ke da wannan sauƙin ba. Masu Peugeot irin 406 da 307 su nemi ɗan katin da ke zuwa da motar mai ɗauke da lambar sirri mai haruffa da lambobi huɗu, domin da ita ake rajistar makulli. Mercedes na shekarun baya-bayan nan kuwa, kusan daga 2015, sai an yi odar makullin ta hannun dillalin kamfani.

Tambaya daga Nyanya: Ranka ya daɗe, ni direban tasi ne. Robar kan makullina ta fashe, ƙarfen ya rabu da ita. Wani ya ce in manne ƙwayar a jikin ramin makulli, daga nan kowane yankakken makulli zai tayar da motar.

Amsa: Dabarar tana aiki, ɗan'uwa, kuma nan ne matsalar take. Idan ƙwayar ta zauna kusa da zoben dindindin, motar za ta ɗauka mai ita yana ciki dare da rana, ka ga ka kwance mata tsaron da hannunka, duk wanda ya iya murɗe ramin da ƙarfe ya tafi da ita. Ga gyaran da ya dace. Ana sayar da fankon makulli, wato roba da sabon ƙarfe ba komai a ciki, sai a yanka ƙarfen a mayar da tsohuwar ƙwayar da allon rimot a ciki, ba tare da wata rajista ba, tunda lambar ba ta sauya ba. Ka tsaya a kan mai aikin lokacin da yake buɗe tsohuwar robar, domin wata ƙwayar ta gilashi ce mai saurin fashewa, wata kuma baƙa ce da ke saje da robar. Ni kaina na taɓa zubar da tsohuwar roba da ƙwayar a ciki, sai da na koma ina tonon kwandon shara da fitilar waya. Idan kuma wata rana ƙarfen ya karye a cikin ramin, kada ka sa gam mai kamawa nan take don ka jawo guntun, zai manne haƙoran ciki ne ya jawo maka sauya ramin gaba ɗaya.

Tambaya daga Zuba: Malam, na ga bidiyo ana cewa akwai manhajar da ke kwafe makullin mota ta mayar da waya makulli. Wacce zan sauke?

Amsa: Kada ka sauke ko ɗaya, ƙanena. Na'urar NFC da ke bayan waya, wadda ke magana da abin da aka kanga a jikinta, tana aiki ne a kan megahaz 13.56, ƙwayar makulli tana can ƙasa a kilohaz 125 ko 134, rimot kuma yana kan megahaz 315 ko 433, kuma waya ba ta da kunnen jin ko ɗaya daga cikin biyun nan. Ko da za ta ji, rimot na zamani yana sauya lambarsa duk lokacin da aka danna, wadda aka kwafa ɗazu ta riga ta mutu. Manhajojin da ke wannan alƙawari, musamman waɗanda ake turowa ta WhatsApp ko Telegram, talla suke cika maka waya da ita, wasu kuma izinin karanta saƙonni suke nema domin su kai ga lambobin da banki ke turo maka.

Makullin waya na gaskiya yana nan. Apple ya gabatar da nasa a 2020 tare da BMW, Samsung da Google suka biyo baya, amma sai motar ta fito daga masana'anta da kayan karɓarsa, kuma ta manhajar kamfanin motar ake kunna shi. Motocin da suka cika titunan Abuja sun girmi wannan fasaha.

Inda waya ke shafar makullinka shi ne aljihu. Idan suna manne da juna, wayar kan danne siginar rimot har motar maɓalli ta ce ba ta ga makulli ba, don haka ka raba musu aljihu kafin ka zargi kowa. Idan saƙon ya ci gaba, batirin rimot ne ya yi sanyi, ɗan faifai ne mai bolt 3, galibi CR2032 ko CR1632, kuma lambar tana rubuce a jikin tsohon. Kafin ka samu sabo, zaro ƙarfen gaggawa ka buɗe ƙofa, ka taka birki, ka kanga bayan rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, sannan ka danna. A Toyota da Honda da wasu da dama akwai zoben waya a bayan maɓallin da ke ba ƙwayar wuta, sai motar ta tashi ko batirin rimot ɗin ya mutu murus.