An kwashe hoton furena ana tallar iri da shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina renon kariya a tukwane a tsakar gidana a Zariya. Akwai wata kariya 'yar aure da nake ji da ita, mai jan fure ninki-ninki, na ɗauki hotonta na sa a Facebook. Makon jiya ƙawata ta turo mini tallar wani mai sayar da iri, sai ga hotona, har da tsagaggen shuɗin bokitin da ke bayan tukunyar. Da na yi masa magana ya ce abin da aka sa a intanet na kowa ne, ya toshe ni. Yanzu shafuka uku ne ke yawo da hoton. Ina da wani haƙƙi, tunda ban yi rajistarsa ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kina da haƙƙi, kuma maganar da ya faɗa miki ba ta da tushe. Hoto yana zama mallakin wanda ya ɗauke shi tun lokacin da ya danna, ba sai da rajista ba. A kan haka yarjejeniyar Berne ta 1886, ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka, ta tsaya, wadda Najeriya ta shiga a 1993, haka kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Kariyar hoto a wannan doka shekara 50 ce, ana ƙirgawa daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Da kika ɗora hoton, kamfanin Facebook kika ba izinin nuna shi, ba kowane mai wucewa ba. Abu ɗaya za ki tabbatar: ke kika ɗauka da hannunki? In ɗanki ne ya ɗauka, shi doka ta sani, ko da kuwa furen da wayar duk naki ne.

Kin yi saurin yi masa magana, amma ba a makara ba. Kafin ki sake cewa uffan, ki tara hujja. Ki ɗauki hoton kowace talla yadda sunan shafin, farashi da kwanan wata za su fito, ki kwafi adireshinta. Wanda ya toshe ki, ki duba shi ta wayar ƙawarki. Sannan ki nemo asalin hoton a wayarki, kada ki yanke shi ko ki gyara. Asalin yana ɗauke da ranar da aka ɗauka da samfurin wayar, bayanan da kan goge idan hoto ya bi ta WhatsApp ko Facebook. Sauran hotunan da kika ɗauka a ranar, ta gefe da ta sama, su ma hujja ce mai ƙarfi, don hoto ɗaya kawai ɓarawon yake da shi. Bokitin nan ma kada ki yar. Ki kuma sa hoton a Google Lens ko TinEye, masu nemo inda hoto ya bayyana a intanet, wataƙila ki tarar shafukan sun wuce uku.

Daga nan sai ƙorafi. Mutane kan yi kuskure su tara 'yan uwa a yi ta danna “report” na gama-gari, abin da ba ya cika tsinana komai. Facebook da Instagram suna da fom na musamman don keta haƙƙin mallaka, inda za ki sa adireshin hotonki na asali da na tallar, ki tabbatar naki ne. Dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA ce ta sa waɗannan kamfanoni ba sa wasa da irin wannan ƙorafi, kuma shafin da aka yi ta kamawa ana iya rufe shi gaba ɗaya. Sai dai ki sani, sukan miƙa wa wanda ake ƙara sunanki da adireshin imel ɗinki, don haka ki buɗe wani imel daban don wannan aikin.

Kotu fa? Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar haƙƙin mallaka, kuma za ki iya kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. A ganina, a kan mai shafin da ba a san ko a wane gari yake ba, kuɗin lauya zai ninka abin da za ki samu. In babban kanti ne mai suna da ofis, to wasiƙar lauya ɗaya takan sa ya nemi sulhu.

Abin da ya fi damuna ma masu saye ne. Kariya mai fure ninki-ninki ta hanyar aure ake yaɗa ta, kamar mangwaro ɗan aure. Irinta ba ya cika fito da kamar uwa. Mafi yawa sai a samu furen da aka saba gani, ruwan hoda, falle ɗaya. Wanda ya saya sai ya yi shekara guda ko biyu yana ban ruwa kafin ya gane an yi masa sakiyar da ba ruwa, lokacin kuwa mai shafin ya daɗe da sauya suna. Don haka ki sanar a shafinki cewa ba kya sayar da iri, kuma hoton naki ne.

Nan gaba, rubuta suna a kusurwar hoto wahalar banza ce, da yatsa biyu ake yanke shi. Ki ɗora sunan a kan reshe ko a jikin kututturen, ko ki rubuta shi a ɗan katako ki soka cikin tukunyar dab da furen kafin ki ɗauka. Ki riƙa ɗora ƙaramin kwafi, babban ki bar shi a wayarki.