Amsar tambayarki kan baƙin karen Bungay

'Yata, naga saƙonki tun jiya. Kince kunje garin Bungay na Ingila ke da ƙawayenki kinga baƙin kare a tambarin garin, har ƙungiyar ƙwallonsu ana ce mata Black Dogs, kina tambaya wai ko bauta masa suke yi. A'a wallahi, ba bauta bace, wani tsohon tsoro ne na kakanninsu da suka riƙe har ya zama abin alfaharin gari.

A yankin Norfolk da Suffolk sunansa Black Shuck, wasu masana na cewa daga tsohuwar kalmarsu scucca aka samo shi, wato shaiɗan. Labarin da yafi tashe na ranar Lahadi 4 ga Agusta 1577 ne, hadari ya haɗo gari yayi baƙi ƙirin ana ta tsawa, jama'a na cikin cocin St Mary na Bungay suna ibada, wai sai ga wani ƙaton baƙin kare ya faɗo ciki ya ratsa tsakanin mutum biyu dake durƙushe suna addu'a, nan take suka mutu. Wani malamin coci, Abraham Fleming, ya rubuta labarin a shekarar. A ranar kuma aka ce ya shiga cocin wani ƙauye mai suna Blythburgh, har yanzu akwai baƙaƙen tabo a ƙofar arewa da suke kira sawun yatsun shaiɗan. Lokacin ina karatu can na sa hannu na shafa su, kamar an ɗora ƙarfe mai zafi akan katakon.

Ni dai a ganina aradu ce ta faɗa, amma kar ki yi musu dariya, mutane ne suka rasa 'yan uwansu a gaban idonsu a wajen ibada, dole zuciya ta nemi abinda zata kama. Mu ma ai kinsan hadisin da yace baƙin kare shaiɗan ne, shi yasa labarin bai min baƙo ba.

Kuma ba duka baƙaƙen karnukan labaransu ne mugaye a wajensu ba. A Somerset akwai Gurt Dog, wanda aka ce iyaye mata kan bar yara suyi wasa a tsaunukan Quantock saboda sun yarda yana tsaronsu, shi kuma Barghest, baƙin karen Yorkshire, ganinsa alamar mutuwa ce.

In kin samu hutu ki je Blythburgh, ba nisa daga Bungay, ki ɗauko min hoton ƙofar nan, ina so in ga ko tana nan yadda na barta.