Amsa: Abin da za ka gani a ƙauyen Paharpur

Malam, ka tambayi me ke Paharpur, ƙauyen nan na gundumar Naogaon a Bangladesh. Kufan gidan ibadar mabiya Buda ne, Somapura Mahavihara, wanda Sarki Dharmapala ya gina a ƙarni na 8. Ɗakuna 177 ne suka kewaye ginin tsakiya. Ka duƙa ka dubi zanen gasasshen yumɓun da ke gindin bangon, aikin hannu ne na gaske.

Sauka a tashar jirgin ƙasa ta Jamalganj, kimanin kilomita 5 ne, ka hau keke mai ƙafa uku. Je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin da damina ruwa kan kwanta a filin.

Masallacin Kusumba na shekarar 1558, wanda aka buga hotonsa a takardar kuɗin Bangladesh ta taka 5, yana da tazara daga Paharpur, sai ka ware masa yini guda.