Amsar tambayarka kan tsarin aikin mutanen da

Jikana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta mini. Wai malaminku ya koya muku abin da Turawa ke kira method, wato bin aiki daki-daki, shi ne kake tambaya ko mutanen da suna da irinsa, ko kuwa kara-zube suke yi. Na yi dariya, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai. Jikan marina ne fa ke wannan tambaya.

Je ka Ƙofar Mata a Kano, karofin da aka ce tun 1498 ake rini a cikinsa. Mu namu a Kura yake, garin turkuɗi, rinannen yadin nan mai ƙyalli. Kafin a zuba ko ɗigon ruwa, sai an shafe ramin da laso, wanda ake haɗawa da katsi (abin da ke kwantawa a gindin ramin rini) da gashin awaki da dafara (wani tsiro mai yauƙi), don kada ya yi yoyo. Sannan ruwa, sannan toka, sannan baba, wato ganyen da ake rini da shi. A rufe, a bar shi kwana da kwanaki ana motsawa.

Ina yaro, wani Buzu ya zo daga Agadas da turamen fari, ayarinsu na shirin juyawa. Ya zube kuɗi a kan tabarma, ya ce zai ninka in za a tsoma masa a ranar. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ko kallon kuɗin bai yi ba. Ya durƙusa a bakin ramin, ya ture kumfar nan mai ƙyalli, ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe, ya tofar. Ya ce bai nuna ba. Buzun ya yi faɗa har rawaninsa ya kwance, ya tafi. Da yamma sai ga shi ya dawo ya shimfiɗa buzunsa a zaurenmu. Ranar da ruwan ya nuna, na ga an ɗago ƙyallen kore shar, iska na bugunsa yana rikiɗa yana komawa shuɗi. A tsoma, a ɗago, a bar shi ya sha iska, a sake, har ya yi baƙi wuluk. Daga nan sai mabuga, a zuba shuni a yi ta bugu har ya ɗau ido.

Da na tambayi mahaifina yadda ya gane, cewa ya yi ruwa ba ya tsami banza, kuma shi ma tsohonsa ya gaya masa ba a gardama da hanci.

Yanzu ku galura kuka sani da soda a bokiti, a rina da safe a sayar da azahar, wanki biyu ya koɗe. Yaran gidanmu ba wanda ya iya haɗa laso, wannan ne ke hana ni barci.

In an ba ku hutu ka zo. Akwai tsoho guda da ya rage a tsaranmu mai hannun tsoma rini, zan kai ka wurinsa. Ka taho da tsofaffin kaya, baba ba ya fita da wuri.